Zogale Ma Sai Ya Zauna Jarrabawa

Tsaya, malam, kada ka juya shafin. Tun daga nan na hango ka taɓe baki. Ka ce me? Wai taki ya yi tsada, fetur ya gagari kundila, shi ne wani ya rasa abin rubutawa sai gwajin irin zogale? Zogalen da ke fitowa a bola ba da goron gayyata ba? Zogalen da in ka kafa reshensa a shinge ka tafi cirani, kafin ka dawo ya fi ka tsawo? To, na ji. Gyara zama ka ajiye wayar nan, yau ni da kai ne.

Mu fara da na bolar da kake taƙama da shi. Ka ga ɗaya ya fito ya yi kore shar, ka yi masa kabbara. 'Yan'uwansa nawa aka zubar tare da shi, ka ƙirga? Kwanson zogale guda yakan ɗauki ƙwaya goma sha wani abu zuwa ashirin, bishiyar kuwa ba ta rowar kwanso. In ƙwaya ɗari biyar suka faɗa bola, biyu suka yi rai, biyun nan kaɗai za ka gani. Sauran babu wanda ya yi musu zaman makoki. Ka ga wanda ya yi kaye a dandali ka ce duk garin 'yan kokawa ne. Na shingen kuma reshe ne, ba ƙwaya ba, don haka kada ka shigo mini da shaidar da ba ta cikin ƙarar.

Ni ma da irin bakinka gare ni, har wata damina ta koya mini ladabi. Na sayi mudu guda na irin zogale a wata kasuwar ƙauye, wajen wani mai kayan magani, mutum mai fara'a, ga carbi a hannu. Ya rantse mini cewa na bana ne, shekaranjiya aka sauke shi daga bishiya. Ruwan shuka na sauka na ɗebi yara, muka wuni muna saran rami muna jefawa muna takewa, na sallame su da kuɗinsu har da na fura. Mako guda, shiru. Mako biyu, gona ta fito kamar kan mai sanƙo, gashi ɗaya nan, ɗaya can. Ka san wa na fara zargi? Akuyar maƙwabcina. Har gaisuwa muka rage ni da shi. Daga akuya na koma kan gara, daga gara na koma kan ɓeraye da zabi, da na rasa na kamawa sai na ce kambun baka ne, don na cika ba da labarin gonar a majalisa. Kowa ya sha zargi ban da mai laifin, wanda ragowarsa ke zaune lafiya lau cikin leda a kan taga.

Goggona ce ta raba gardamar. Ta ce in miƙo mata ledar. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta fasa da haƙori, ta duba, ta yar. Ta fasa ta biyu, ta uku, har goma. Cikin mafi yawansu ya motse ya yi ruwan ƙasa, wasu holoƙo ne, wata kuma da ta murza sai gari, ƙwaro ya riga ya yi walima. Ta shinshina ta miƙo mini, warin tsohon mai ya bugi hancina. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, gawa ka binne kake jiran ta tashi tun ba a busa ƙaho ba?" Washegari na je na ba maƙwabcina haƙuri. Akuyar ce dai har yau ban sami fuskar neman gafararta ba.

Ka ce wannan sakacina ne, kai idonka ba ya cin ƙarya, ido ba mudu ba ya san kima? Madalla da ido. Irin da na saya ai da ido na zaɓe shi: ɓawo baƙi-baƙi mai sheƙi, fukafukan nan uku farare tas kamar an yi musu guga. Ido riga yake gani, rai kuwa yana can ƙarƙashin riga. Kuma ba a kanka aka fara yi wa ido wayo ba. A Jamus, wani masani mai suna Friedrich Nobbe ya buɗe tashar gwajin iri ta farko a duniya a garin Tharandt a 1869, kuma abin da ya tunzura shi algus ne. 'Yan kasuwa sukan niƙa tsakuwa daidai girman ƙwayar irin ciyawar dabbobi, su rina ta, su cakuɗa, manomi ya saya ya shuka dutse yana jiran tsiro. Manoman nan duk da idanunsu biyu-biyu, irin naka sak. Kai da kake cewa Bature ba ya ha'inci, ga naka nan.

Af, ka ce kai ba ido kaɗai ba, har taunawa kake yi, ka ji ɗacin nan da zaƙi ke biyo bayansa in an kora da ruwa, ka tabbata irin ƙwarai ne? Sannu da ƙoƙari, likitan harshe. Ƙwayar da ta mutu bara ma tana da ɗaci. Soyayyar gyaɗa ta fi ɗanya daɗi a baki, je ka shuka ta mu gani. Nan ne mutanenmu ke ruɗewa da tsirran magani. Mai kayan magani yana sayar da ƙwaya ce don a haɗiya ko a daka, ba don a shuka ba. Bai dame shi ta kwana wata nawa a kan tabarma cikin rana ba, muddin masu hawan jini na zuwa suna saye. A wurinsa kaya ne, a wurinka kuwa jariri ne da ke barci cikin ɓawo, yana numfashi a hankali, yana cin ɗan guzurin da uwarsa ta ƙulla masa. Guzurin zogale kuwa mai ne, sama da kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙwayar. Duk wanda ya taɓa ajiye irin gyaɗa ya san halin iri mai mai: bai da haƙurin gero. Zafi da laima na taɓa shi man ya soma lalacewa, jaririn ya galabaita, ya mutu a ɗaki a rufe, riga kuma tana nan fes.

Na san inda za ka fake yanzu: gwajin ruwa. A zuba iri a bokiti, wanda ya nutse mai kyau, wanda ya taso a zubar. Kakanka ma haka yake yi, ko? Allah ya jiƙan kaka, amma da wane iri yake yi? Ruwa nauyi yake aunawa. Yana iya tona asirin holoƙo, wannan na yarda. Amma zogale da fukafukansa da 'yar iskar da ke tsakanin ɓawo da ƙwaya, mai ransa ma yakan yi iyo a sama kamar kwale-kwale, matacce mai nauyi kuma ya nutse abinsa cikin mutunci. Sai ka kwashe masu rai ka watsa wa kaji, ka tattara gawawwaki ka kai gona kana yabon hikimarka. Bokiti ba ya sanin mai rai da matacce, in ba haka ba da an daina kiran likita, sai a riƙa jefa marasa lafiya a kududdufi.

Gwajin goggona, wato fasa ƙwaya a duba cikinta, ya fi na bokiti nesa ba kusa ba. In ka ga cikin fari ne ko ruwan madara, ya cika ɓawon, da tauri in ka danna da farce, babu wari, to akwai fata. Amma fata ce kawai. Ƙwayar da zafi ya kashe makon jiya cikinta na nan fari sol. Hanya ɗaya ce ke yanke gardama: a tambayi irin da kansa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ka ce ba ka da ɗakin gwaje-gwaje, ba ka da farar riga, ba ka da madubin likita? Kana da tsumma? To, ka gama mallakar ɗakin gwaji. Nemi tsohon zani na auduga ko yankin buhun algarara, ka wanke shi tas. Ban ce ka je ka yage sabuwar atamfar uwargida ba, in ka yi haka babu ruwana, kuma kada ka ambaci sunana. Sai ɗibar iri, kuma nan ne ake gane mai gaskiya. Kada ka tsince manya-manya masu kyan gani, ai ba zaɓen amarya ake ba. Zura hannu cikin buhun, ɗebo daga sama, daga tsakiya, daga can gindi inda laima ke taruwa, ka haɗa ka cakuɗa, sannan ka ƙirga ɗari ido rufe, duk wadda hannu ya kama ta shiga. Jiƙa tsumman ka matse shi har ya daina ɗiga. Shimfiɗa shi, jera ƙwayoyin layi goma, kowane layi goma, da tazarar yatsa biyu a tsakani. Rufa wani jiƙaƙƙen tsumma a kai, ka naɗe kamar tabarma, sakwa-sakwa don su sha iska, ka ɗaure bakin biyu da zare. Ajiye shi a gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi-sanyi, rana ba ta kaiwa. Kullum safe ka taɓa. In ya soma bushewa ka yayyafa ruwa. Yayyafi na ce, ba wanka ba. Zogale ya tsani zama cikin ruwa, ruɓewa yake yi.

Ran kwana na bakwai ka kwance. In irin na kirki ne, abin da za ka gani zai sa ka manta muna faɗa: ɓawo ya tsage, farar saiwa mai kauri ta leƙo tana laluben hanya, wasu har ta kama zaren tsumman ta ƙi saki, wasu kuma ɗan toho ya fara miƙewa. Ƙirga su, rubuta a takarda, ka cire su gefe. Waɗanda suka yi fumfuna suka yi laushi kamar dafaffen wake, fitar da su kada su shafa wa na kusa. Mayar da sauran ka naɗe. Ran kwana na goma sha huɗu ka sake ƙirgawa ka haɗa jimla. Abin da ka samu cikin ɗari, shi ne makin irinka. In lokacin hunturu ne ka ƙara masa 'yan kwanaki, sanyi na sa shi nawa, kamar yadda yake sa ka nawar fitowa sallar asuba.

Kuma ban da maguɗin jarrabawa. Na san ka, za ka ga ƙwaya ta ɗan buɗe baki ka ce ta ci. Ba ta ci ba. Wadda saiwarta ta fito a murɗe, ko bakinta ya yi baƙi, ko toho ya fito babu saiwa, wannan ba za ta zama bishiya ba ko da ka yi mata tofi. Masu gwajin iri ba sa lissafa irin waɗannan cikin masu rai, kai ma kada tausayi ya ɗebe ka. Ka kuma lura da ratar da ke tsakanin ƙirgen farko da na biyu. Buhu biyu na iya samun maki tamanin-tamanin, amma ɗaya ya kawo saba'in tun makon farko, ɗayan kuwa sai da aka yi ta lallashi. Na farkon ne mai ƙarfi. A gona babu gindin randa: akwai ƙasa mai tauri, akwai rana, akwai ruwan da zai ɗauke kwana goma ba sallama. Shi ya sa abin da zai fito a gona yakan gaza na tsumma, kuma rarraunan iri ne ke fara faɗuwa.

Ka ce ɗari ta yi yawa, asara ce, goma ma ta isa? Ji mai tsimi! Kilo guda na irin zogale yakan kai ƙwaya dubu uku ko fiye, shi ne kake kyashin ɗari? In goma ka gwada, ƙwaya ɗaya tak ta yi gardama makin ya motsa da kashi goma. Wannan ƙuri'a ce, ba gwaji ba. Ƙungiyar gwajin iri ta duniya, ISTA, wadda aka kafa a 1924, ƙa'idarta ƙwaya 400 ce, a kasa su gida huɗu, ɗari-ɗari, don in kashi ɗaya ya yi ƙarya sauran su ƙaryata shi. Ni ɗari kawai na roƙe ka, ka ga ai na yi maka ragi. Kuma waɗanda suka tsira ba asara ba ne, dasa su cikin leda da ƙasa, ka samu dashe kyauta.

Yanzu ga inda tsumma ke komawa kuɗi, na san nan ne za ka buɗe kunne. A ce rami dubu za ka shuka. In makin irinka casa'in ne, jefa ɗaya-ɗaya ka yi gaba, 'yan guraben da za su rage ka cike su daga baya. In sittin ne, jefa bibbiyu. A lissafi rami 84 cikin kowane ɗari za su sami aƙalla tsiro guda. In talatin ne, ko ka jefa bibbiyu rabin gonarka ce kawai za ta fito, sauran rabin filin ƙwallo ne. Sannan kafin ma a kai ga tsumma, zube gwangwani guda a faranti ka ware tsakuwa da ɓawo da karmami da fasassun ƙwayoyi. In kashi goma cikin ɗari shara ce, ragowar kuma makinsu sittin, to abin da ka saya mai rai 54 ne cikin ɗari, sauran sadaka ka yi wa mai kaya ba da niyya ba. Wanda ya sayi iri mai maki talatin a rabin kuɗi yana murna ya yi wayo, ya fi wanda ya sayi mai maki casa'in a cikakken kuɗi kashe kuɗi a kan kowace bishiya, tun ba a sa ladan 'yan ƙwadago da makonni biyun damina da suka wuce ba su dawowa ba. Araha dai ba ta ado.

Ka ce kai ɗan kasuwa ne, buhu hamsin za ka saya, mota na jira, ba ka da mako biyu? To, Alhaji, kai ma an tanadar maka. Akwai wani farin gari da ake kira tetirazoliyam, wanda wani masani a Jamus, Georg Lakon, ya fito da hanyar gwada iri da shi a farkon shekarun 1940. A jiƙa ƙwaya ta kwana, a ɓare ɓawon, a tsaga ta, a tsoma cikin ruwan garin nan wanda ba shi da launi, a ajiye a duhu da ɗan ɗumi na wasu sa'o'i. Duk naman da ke numfashi sai ya juya ruwan ya rine kansa ja, kamar bakin tsohon da ya wuni da goro. Mataccen nama kuwa ya zauna fari fat. A nan ja ne lafiya, fari likkafani. Cikin kwana ɗaya ko biyu an gama. Sai dai ba jan kawai ake dubawa ba, ana duba inda ya kama. In duk ƙwayar ta yi ja amma ɗan wurin da saiwa za ta fito ya ƙi, an yi ba a yi ba. Wannan aikin ƙwararru ne a ɗakin gwajin iri, kada ka je kemis ɗin unguwa kana tambaya, za su haɗa ka da maganin tsutsar ciki.

Ga kuma wani tarko, don kada ka ɗauki tsummanka ka shiga gari kana yanke wa kowane iri hukuncin kisa. Gwada bagaruwa, wadda ake jima da ita ake kuma magani da ita. Naɗe ɗari a tsumma, mako biyu ka buɗe, za ka tarar da mafi yawansu yadda ka sa su, ƙyam, ko kumbura ba su yi ba. Ka ce sun mutu? Barci suke. Ɓawonsu ne ya hana ruwa shiga, sai an ɗan kankare gefensa da wuƙa ko an zuba musu ruwan zafi an bar su sun kwana. A daji cikin akuya da tumaki ne ke yi musu wannan aikin, su haɗiye su kasayar a wani wuri da takinsu. Ka ga akuyar da na zarga ma ma'aikaciyar gandun daji ce. Kuka da tafasa da rai-ɗore duk suna da wannan taurin kai. Alamar mai barci ita ce ƙwaya ta zauna da tauri ba ta sha ruwa ba. Matacciya kuwa ta sha ruwa ta kumbura ta ruɓe. Zogale ba ya cikin masu wannan barci, in ya ƙi tashi kada ka ba shi uzuri. Darbejiya kuma can ɗaya gefen take: irinta ba ya jure ajiya a ɗaka, cikin 'yan makonni zuwa 'yan watanni ya tafi. Kaɗanya ta fi ta gaggawa, ƙwayarta na bushewa sosai shi ke nan. Kowane iri da irin halinsa, kamar 'ya'yan gida ɗaya.

Na ga kana murmushi, ka tuno labarin dabinon nan. Wai an tono ƙwallon dabino mai shekara wajen dubu biyu a kangon Masada, kusa da Mataccen Teku, aka shuka a 2005 ya tsiro, don haka irinka na shekara biyu yaro ne ɗanye. Labarin gaskiya ne, ban musa ba. Amma dabino ne, ba zogale ba, kuma ya yi zamansa ne a ɗaya daga cikin wurare mafi bushewa a duniya, ba a kan tagar kicin kusa da tukunyar ruwan zafi ba. Sannan ƙwallo uku aka shuka a lokacin, ɗaya ya fito. Ɗaya cikin uku, malam. Da a tsummana ne, da ya maimaita aji.

Tunda ajiya ta shigo, bari in gaya maka yadda kake kashe irinka da hannunka. Wani masanin iri a Amurka, Harrington, ya bar wa manoma ƙiyasi biyu masu sauƙin riƙewa, na irin da ke jure bushewa kamar zogale. Duk lokacin da laimar cikin ƙwaya ta ragu da kashi ɗaya cikin ɗari, kwananta na ninkawa biyu. Duk lokacin da zafin ma'ajiya ya sauka da digiri biyar, ya sake ninkawa. Auna da kanka: shago mai rufin kwano a watan Afrilu, digiri 40, da ɗakin soro na ƙasa mai digiri 30. Ninki huɗu ke nan, ba ka sayi komai ba. Shi ya sa rumbun irin duniya da aka buɗe a Svalbard ta ƙasar Norwe a 2008 ke cikin dutse a digiri 18 ƙasa da sifili. Ban ce ka kai naka Norwe ba. Ka bari kwanso ya bushe a kan bishiya ya yi ruwan ƙasa kafin ka cire, ka shanya ƙwayar a inuwa mai iska, ba a kan kwalta da tsakar rana ba, ka zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi da ke rufuwa gam, ka rubuta wata da shekara a jiki. In ka rufe shi da sauran laima kuwa, ka gina masa kabari mai murfi. Kuma ko ka yi duk wannan, in ya zaga shekara, mayar da shi tsumma kafin ka amince masa.

Yauwa, na san za a zo nan. Ka ce fitar tsiro ikon Allah ne. Wallahi haka ne, ban taɓa ganin wanda ya tsirar da ko ciyawa da ikonsa ba. Amma malaminka da nawa duk sun karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi tukuna. Kai da ba ka sayen rago sai ka buɗe bakinsa ka ƙirga haƙora, ba ka sayen babur sai ka zaga unguwa da shi, ba ka karɓar dubu guda sai ka ɗaga ta sama ka duba, me ya sa sai a kan iri tawakkalinka ke motsawa? Ko don shi ne ba ya iya kai ƙararka?

Gaskiya guda zan ba ka kyauta, kada ka ce na cika son kaina. Tsumma na gaya maka ko iri zai tashi, ba ya gaya maka ɗan wa ne. Mai kaya zai ce maka nasa PKM-1 ne, ɗan Indiya. Akwai irin da ake kira haka, jami'ar aikin gona ta Tamil Nadu ce ta fitar da shi a 1989, kuma don yawan kwanso aka inganta shi, saboda su can ɗanyen kwanson suke miya da shi, mu kuwa ganye muke nema, na kwaɗo da dambu. Sannan ƙudan zuma ba ya tambayar fasfo, yana ɗaukar garin fure daga wannan bishiya ya kai waccan, jikokin ɗan Indiya kan fito da kamannin maƙwabta. Masara da shinkafa sukan zo cikin buhu da takardar shaidar hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa. Zogalen da ake auna maka a gwangwanin madara ba shi da takarda sai rantsuwar mai shi. In kana son sanin asali, je ka ga uwar da idonka: ganyenta, lafiyarta, yadda take tohowa bayan an sare ta. Ka tara iri daga bishiyoyi da yawa, ba guda ɗaya ba. Batun cewa yana maganin cuta ɗari uku kuwa, wannan wata shari'ar ce, ranar da za mu yi ta ka zo da lauya.

Saura mako nawa ruwa ya sauka a garinku? In ya kai uku, ba ka makara ba. Gobe ka je wurin mai irin, ka sayi na gwangwani ɗaya kawai, ka ce masa sauran sai bayan kwana goma sha huɗu, ka kuma kalli fuskarsa sa'ad da kake faɗa. In tamanin suka fito cikin ɗari, koma ka saye buhun, ka zo majalisa ka yi mini dariya a bainar jama'a, zan ɗauka. In ba su kai hamsin ba, ka bar masa kayansa ya sayar wa masu haɗiya, ni kuma ka aiko mini da goro. Fari nake ci.